Kurakuran da ke sa sakamakon yau ya danne na jiya

Wata ɗaliba da nake taya aikin digirinta ta bar kwamfutarta tana lissafi har kwana biyu. Da safe ta sauya adadi guda don gwaji, ta sake kunna shirin. Kafin ta shanye kokonta, sakamakon kwana biyun nan ya tafi, sabo ya zauna a gurbinsa. Ta leƙa Recycle Bin, wayam. Ai fayil ɗin da aka danne ba ya zuwa can, domin ba jefar da shi aka yi ba, cikinsa aka zubar aka zuba wani. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don gyaran bai wuce layi uku ba.

Tushen ɓarnar shi ne suna ɗaya tilo, irin su sakamako.csv, da shirin ke komawa kansa kullum. A Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, da zarar ka buɗe fayil da "w", duk abin da ke ciki ya share nan take, tun ba ka rubuta ko harafi ba. Haka alamar > take yi a Bash, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Sa "x" a maimakon "w": in fayil ɗin yana nan, shirin zai tsaya ya yi ƙorafi. A Bash kuma akwai set -o noclobber, mai hana danne fayil ɗin da yake nan.

Amma ni maganin da na fi yarda da shi, kowane zagaye, wato duk lokacin da aka kunna shirin, ya samu tasa folda. To a nan ma ana tuntuɓe. Za ka ga folda mai suna sabo, sai sabo2, sai na_karshe, sai na_karshe_gaske. Bayan wata guda mai su ma bai san wanne ne wanne ba. Bar shirin ya raɗa sunan da kansa daga agogo, shekara a gaba, sai wata, sai rana: 2025-03-09_14-30-05. Haka foldojin za su jeru da kansu bisa lokaci. In ka fara da rana, 9 ga Maris da 9 ga Disamba za su zauna kusa da juna. Kar ka bar daƙiƙa, don zagaye biyu a minti ɗaya ba abin mamaki ba ne. Kar kuma ka sa ɗigo biyu (:) tsakanin awa da minti, Windows ba ya karɓar su a sunan fayil. Mai son lamba ya rubuta 001, 002, in ba haka ba 10 zai riga 2 a jeri.

Sai exist_ok=True da ake liƙa wa os.makedirs, umarnin ƙirƙirar folda a Python, don kar ya yi ƙorafi in foldar tana nan. A uwar folda ba laifi. A foldar zagaye kuwa, wannan ƙorafin ne mai gadinka, ka bar shi.

Ajiye kwafin saitin da ka yi amfani da shi a cikin foldar. Sakamakon da ba a san da wane adadi aka samo shi ba, ba ya amfanar kowa.

Mu da wuta ke ɗauke mana ba sallama, akwai ƙari. In ta ɗauke shirin yana tsakiyar rubutu, rabin fayil za ka tarar, da sunansa daidai kamar lafiyayye. Fara rubutawa da sunan wucin gadi, sai an kammala ka mayar da shi sunan gaske da os.replace.