Kurakuran da ake yi wajen sa wa keken daji fok na ƙarfe mara shokozoba

Yawancin kekunan gwanjo masu manyan tayoyi da ke yawo a Kano da mataccen shokozoba suke zuwa. Wanda ya zo da rai ma, hunturu ɗaya ya ishe shi. Ƙura ta shige ta ƙarƙashin roba, ta cakuɗe da giris, ta cinye sanduna, daga nan ko ya daskare ko ya riƙa wasa gaba da baya duk lokacin da ka taɓa birki. Kayan gyaransa kuma ba samuwa suke yi ba. Shi ya sa masu fita bayan gari, wajen Chalawa ko hanyar Tiga, suke cire shi su sa fok na ƙarfe zalla, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba, kuma ni ina tare da su. Hanyoyinmu burtali ne da yashi da jar ƙasa, ba gangaren duwatsu ba. Shokozoba mai araha yakan kai kilo 2.5, fok na ƙarfe mai kyau kuwa bai fiye wuce kilo 1.3 ba. Sai dai a wajen saye ake yin ɓarna.

Babban kuskure, wanda ya fi duk sauran tsada, shi ne rashin auna tsawo. Mutum ya je kasuwar Sabon Gari, mai kaya ya ɗaga fok ya kara a jikin taya ya ce, "Yallaɓai, zai shiga, duk ɗaya ne." Shiga kam zai shiga, amma ba ɗaya ba ne. Firam ɗin da aka ƙera don shokozoba, gabansa a ɗage yake, saboda an bar wa taya wurin hawa da sauka. Awon da ake dubawa shi ne daga tsakiyar ƙarfen taya, wato sandar da taya ke juyawa a kai, zuwa kafaɗar fok, inda boris na ƙasa yake zama. A keke mai taya inci 26, fok na da wanda ba a yi don maye gurbin shokozoba ba wajen milimita 390 ne. Shokozoba mai lotsawa milimita 100 kuwa tsawonsa wajen 470 ne, in ka hau ya sauka zuwa wajen 445. Ka ga tazarar ta haura milimita 50. Kowace milimita 20 da ka rage tana miƙar da wuyan keke da kusan digiri 1, wato ka canza masa tsayuwa da kusan digiri 3 ke nan.

A kan kwalta ba lallai ka gane ba. Sai ka bar titi. Kan keken ya yi sauƙin juyawa fiye da kima, ka shiga yashi tayar gaba ta nutse ta karkace, nauyinka duk ya koma kan hannu, feda ta matso ƙasa tana dukan kunya da kututture. A ɗan gangare kuma ka ji kamar keken zai wurgo ka ta gaba. Da yawa sukan ɗora laifin a kan rashin shokozoba, su ce fok na ƙarfe ba ya daji, alhali gajarta ce kawai. In kuma ya yi tsawo da yawa, gaba ya riƙa ɗagawa a hawan tudu, firam ma ya sha wahala a wuya.

Gyaran ba wuya. Kafin ka kwance tsohon, ja shi ya miƙe gaba ɗaya, domin mataccen shokozoba yakan maƙale a lotse ya ba ka awon ƙarya. Sa tef ka auna, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na iya lotsawarsa, ka rubuta abin da ya rage a takarda. Ga mai taya inci 29 da shokozoban milimita 100, lissafin yakan faɗa wajen 480. Bambancin milimita 10 sama ko ƙasa ba komai. Ka tafi kasuwa da takardar da tef ɗin a aljihu, kuma kada ka ji kunyar aunawa a gaban mai kaya.

Sai wuyan fok, bututun da ke shigewa cikin firam. Akwai mai kauri inci 1 na tsofaffin kekuna, akwai inci 1 da 1/8, wato milimita 28.6, wanda shi ne a yawancin kekunan daji, akwai kuma mai faɗi daga ƙasa har inci 1.5. Wani mai zare ne da ake ɗaurewa da noti, wani sumul ne mariƙin kai, wato ƙarfen da ke haɗa kan keke da wuya, ke matse shi daga waje. Ba a cakuɗa su. Duk wanda ya ce zai cusa gwangwani ya cike gibi, ka karɓi kekenka. Siririn wuya yana iya zama a firam mai faɗin ƙasa, amma sai da zoben da aka yi don haka. Kuma fok ɗin gwanjo an riga an yanke wuyansa daidai da wani keke, saboda haka ka auna shi da naka. In ya gaza, ba a ƙari.

In sabo ne mai dogon wuya, kada a yi gaggawar sa zarto. Jera zobba sama da ƙasa, ka hau na ɗan lokaci, ka gane tsawon da bayanka yake so, tukuna a yanke. A bar bakin bututun ya gaza saman mariƙi da kamar milimita 3, in ba haka ba murfin saman wuya ba zai matse boris ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne walda. Mutum ya sayi fok mai ƙahonin birkin roba, tayarsa kuwa ta faifai ce, sai ya wuce wajen mai walda a liƙa masa kunnen ɗaura birkin faifai. Don Allah a daina. Birkin faifai ƙafar hagu kaɗai yake murɗawa, can ƙasa inda ƙarfe ya fi siranta, shi ya sa ake ƙara wa fok ɗin faifai kauri a wurin tun daga masana'anta. Wutar walda irin ta ƙofa da taga tana ƙona siririn bututu, ya karye ranar da ka kama birki da ƙarfi, kuma wanda fok ya karye masa da fuska yake sauka. Ka nemi mai kunnensa na asali. Iri biyu ne: mai ramuka a gefe da tazarar milimita 51, da mai ramuka a tsaye da tazarar milimita 74, kuma akwai ƙaramin ƙarfen da ke haɗa ɗaya da ɗaya. Ka kuma duba girman faifan da aka yarda a sa masa, milimita 160 ko 180.

Ƙarfe ma suna ya tara. Wanda ake nema shi ne mai rubutun 4130 ko Cr-Mo, irin wanda kamfanin kekuna na Surly ke amfani da shi, haka ma fok ɗin Project 2 na kamfanin Kona da ake dacewa da shi a jikin tsofaffin kekuna. Yana ɗan lanƙwasawa ya shanye ƙananan gargada. Ƙarfen gama-gari nauyi gare shi, kuma in ya lanƙwashe ba ya dawowa. Maganaɗisu yana raba ƙarfe da alminiyam ne kawai, ba ya raba waɗannan biyun, sai dai ka ɗaga ka ji a hannu.

Ƙarfen taya ma iri-iri ne: mai maɓalli na faɗin milimita 100 daban, mai kaurin milimita 15 da ke zarcewa daban, mai faɗin milimita 110 ma daban. Ka je da tayarka, ta zauna a ciki kana gani, a bar fili kowane gefe saboda taɓon damina.

Kafin ka biya kuɗin na gwanjo, goge ƙasan kafaɗa da tsumma ka kai shi rana. Fentin da ya tattare ko ya tsage a bayan ƙafafu alamar an taɓa karo da shi ne. Kalle shi ta gefe, saman ƙafafu ya bi layi ɗaya da wuya. Leƙa cikin bututu, in tsatsa tana ɓamɓarowa ka ajiye.

Bayan an ɗaura kuma, kada mai faci ya cika maka taya ta yi tauri ƙam. Yanzu tayar gaba ce shokozobanka. Sa mafi faɗin da zai shiga, inci 2.2 zuwa 2.4, ka fara da iskar PSI 28 zuwa 30 a ma'aunin famfo in da tiyub kake, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ka tsaya kafin rim ya fara taɓa dutse. Bayan fita biyu ko uku, kama birkin gaba ka jijjiga keken. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, sassauta mariƙin kai, matse murfin sama kaɗan, sannan ka sake ɗaure mariƙin.