Babi na 6: Yadda Ƙaramar Ikilisiya Za Ta Sami Masaukin Shafin Intanet Mai Sauƙin Kuɗi

Ku ɗauko littafin rubutu da biro. Waya ta jira tukuna. A wannan babi rubutu da lissafi sun fi danna waya yawa, kuma wanda hannunsa bai saba da biro ba kada ya ji kunya, a hankali za mu bi.

Darasi na 1: Abu biyu ake biya

Na farko, sunan shafi. Shi ne abin da mutum zai rubuta a wayarsa ya iso wurinku. A ƙarshen sunan akwai ɗigo da wasu haruffa, kamar .org ko .org.ng ko .com.ng. Duk wanda ya ƙare da .ng na Najeriya ne, ƙungiyar NiRA mai rajistar sunayen shafukan Najeriya ce ke kula da shi, kuma ana iya biyansa da naira.

Na biyu, masauki, wanda yaranku ke kira hostin. Wata babbar kwamfuta ce a hannun kamfani, ba a kashe ta dare da rana, a cikinta ake ajiye hotuna da rubutun shafinku. Ku ɗauke shi kamar shago a kasuwar Sabon Gari: sunan shafi shi ne allon da ke bakin ƙofa, masauki shi ne ɗakin da kayan suke ciki. Dukansu biyu haya ne. Ba a saye su a mallaka har abada. Shekara ta zagayo, a sake biya.

Ku rubuta a littafinku, layi ɗaya-ɗaya:
Sunan shafi, haya.
Masauki, haya.

Madalla. Wanda ya gama ya duba na kusa da shi.

Darasi na 2: Kuɗin shekara ta biyu

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Idan ka buɗe shafin kamfanin masauki, za ka ga farashi da manyan lambobi, wani lokaci da ja ko kore. Wannan sau da yawa kuɗin shekarar farko ne kawai, an rage shi don a jawo ka. Ka sauke idonka ƙasa. A ƙarƙashin manyan lambobin akwai ƙananan rubutu, a nan ake faɗin abin da za ka biya idan shekara ta cika. Shi muke kira kuɗin sabuntawa. Idan idonka ba ya ganin ƙananan rubutu, ka sa yatsu biyu a kan gilashin waya ka buɗa su, rubutun zai yi girma. Idan har yanzu bai fito ba, ka ba jikanka ya karanta maka da ƙarfi. Idan ba a rubuta ba sam, ka tambayi kamfanin kafin ka biya ko kwabo.

Ga misali don lissafi kawai, ba farashin kowane kamfani ba ne:

Kamfani na ɗaya: shekarar farko N12,000, sabuntawa N30,000.
Kamfani na biyu: shekarar farko N18,000, sabuntawa N18,000.

Wanne ya fi araha? Kada ku yi saurin amsawa. Ku haɗa shekara uku. Na ɗaya: 12,000 da 30,000 da 30,000, ya zama N72,000. Na biyu: 18,000 sau 3, ya zama N54,000. Wanda ya yi kama da mai tsada shi ne mai sauƙi, har da rarar N18,000 a asusun ikilisiya.

Ku sake yin lissafin da kanku ba tare da kallon nawa ba. Idan ya fito daban, ba komai, ku goge ku sake.

Yanzu ku rubuta wannan tambaya sau uku: Nawa ne kuɗin sabuntawa? Tambaya biyu ce a zahiri, domin sunan shafi yana da nasa kuɗin sabuntawa, masauki ma yana da nasa. Wasu kamfanoni suna ba da sunan shafi kyauta a shekarar farko. Kyautar ta shekara ɗaya ce. Ku tambayi nawa ne a ta biyu.

Akwai kuma maganar dala. Kamfanonin waje irin su Namecheap da Bluehost da dala suke karɓar kuɗi. Tun daga watan Yuni na 2023 kowa ya ga yadda naira ta faɗi, wanda ke biyan dala ya tarar kuɗin da ya ware bai kai ko'ina ba, alhali kamfanin bai ƙara masa komai ba. Ga kuma wahalar katin banki da wani lokaci yake ƙin biyan kuɗin waje. Kamfanonin gida irin su Whogohost da QServers da naira suke karɓa, ana iya tura musu ta banki. Ga ƙaramar ikilisiya da ke dogara da baikon Lahadi, ni dai naira nake ba da shawara, domin ma'aji zai iya sa adadin a kasafin shekara ya kwana da saninsa. Amma su ma a tambaye su kuɗin sabuntawa. Kasancewarsu na gida bai hana su ƙara farashi ba.

Baba ma'aji, da kai nake musamman. Ranar da aka biya, ka rubuta ranar a littafin kuɗin ikilisiya, ka rubuta ranar da zai ƙare, ka ja layi a ƙarƙashinta. Wata ɗaya kafin ranar ka kai maganar gaban dattawa. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, shafin zai rufe, idan aka ƙara jinkiri wani ma zai iya sayen sunan, ku kuwa kun riga kun buga shi a kalanda da takardar sanarwa.

Haba 'yan'uwa, wannan ba abu ne mai wuya ba. Ana faɗa a aji kowa ya gyaɗa kai, sai bayan shekara a dawo ana cewa shafi ya ɓace, an yi mana kutse. Ba wanda ya yi muku kutse. Ba ku biya ba ne. Wanda yake tuna ranar biyan kuɗin makarantar yara zai iya tuna wannan.

Darasi na 3: Da sunan wa aka yi rajista?

Yawanci wani matashi ne, ɗalibi a jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko a Kongo, yake taimaka wa ikilisiya ya buɗe shafin. Allah ya saka masa. Amma ɗalibi yana gama karatu ya tafi bautar ƙasa, ya canja lamba. Idan da imel ɗinsa aka yi rajista, duk saƙon tunatarwa wurinsa zai tafi, ku ba ku da labari.

Ku buɗe imel na ikilisiya tun kafin a fara. Da shi za a yi rajista, da sunan ikilisiya. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu, magatakarda da fasto, a rubuce, a cikin ambulan, a inda ake ajiye takardun fili. Kada a tura ta a zauren WhatsApp na zumuntar mata ko na matasa. Magatakarda ya riƙa buɗe imel ɗin ko sau ɗaya a wata, domin ta nan saƙon sabuntawa yake zuwa. Kun ji sabuntawa ta sake dawowa, ko? Ku duba littafinku, kun ja layi a ƙarƙashin ranar?

Darasi na 4: Wane girma za ku ɗauka?

Mafi ƙanƙanta. Masaukin haɗaka, inda shafuka da yawa suke zaune a kwamfuta ɗaya, ya ishe ku. Lokacin sujada, sunan unguwa, ko Wusasa ce ko Tudun Wada, lambar waya, tarihin ikilisiya da 'yan hotuna ba sa cin wuri. Gigabayit 2 ya wadatar.

Abin da ke cinye wuri shi ne wa'azi. Sautin awa ɗaya yakan kai kusan megabayit 60, Lahadi 52 kuwa ya haura gigabayit 3, bidiyo kuma ba a magana. Ku sa wa'azi a YouTube ko Facebook, kyauta ne, sai a liƙa mahaɗinsa a shafinku. Idan mai talla ya ce ku ɗauki babban masauki, ku ce masa sai gaba.

Darasi na 5: Tambayoyi uku ga kamfanin masauki

Akwai takardar tsaro ta SSL kyauta, wato abin da ke kare bayanan da ke wucewa tsakanin shafinku da mai ziyara? Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana bayarwa ba kuɗi, kada ku biya dominta. Ana sa WordPress, wato manhajar da ake gina shafi da ita, da sauƙi? Shi ma kyauta ne. Suna ajiye kwafin shafin idan wani abu ya lalace? Ku rubuta amsoshin.

Darasi na 6: Taimako

Ku aika wa kamfanin masaukin saƙo kafin ku biya. Idan kwana biyu ba amsa, ku nemi wani kamfanin.