Idan ana cin zarafin ɗanku a WhatsApp

Iyaye daga Samaru da Tudun Wadar Zariya suna ta tambayata abin yi idan 'yan aji sun tasa ɗansu gaba da zagi a guruf. Ga matakan:

1. Ku saurari yaron har ya gama.

Hattara, nan ake yawan kuskure: kada ku ƙwace wayarsa. Gobe ba zai sake gaya muku komai ba.

2. Ku ɗauki hoton saƙonnin, lamba da kwanan wata su fito.
3. Ku hana shi ramawa.
4. Ku toshe lambar mai zagin.
5. Ku kai wa malamin aji hotunan.
6. In akwai barazanar duka, ku sanar da 'yan sanda.