Kurakuran da aka fi yi wajen zanen jarumai da dodanni irin na da, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin Dungeons & Dragons ya san abin da nake nufi in nace zane irin na da. Wasan, wanda ake yi a teburi ana jan labarin jarumai da dodanni, ya fito ne a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro shi, kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka ya buga, kuma zuwa shekarun 1980 kamfanin ya tara nasa masu zanen, su Larry Elmore da Jeff Easley da Keith Parkinson da Clyde Caldwell, da burushi da fenti suke aiki, babu kwamfuta. Yanzu mutane da yawa suna son dawo da wannan salon a nasu wasannin, kuma abin yana min daɗi sosai, amma zanukan da nake gani kusan ciwonsu ɗaya ne, an fara daga inda ya kamata a ƙare. Mutum zai share sati guda yana zana zobban sulke ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa takobi ado tun daga ƙota har kube, amma in ka ja baya taku uku ka kalli hoton sai kaga komai ya cakuɗe, ba ka san inda zaka sa ido ba.

Bari in fara da wanda ya fi damuna, wato zanen da babu labari a cikinsa. Jarumi a tsaye ƙiƙam, takobi a hannu, yana kallonka kamar wanda za a ɗauka hoton fasfo, bayansa hazo ko wani dutse da ba a san dalilinsa ba. Toh ai wannan ba wasa ya nuna mana ba, kaya kawai ya nuna. Ka tuna wa zai kalli hoton nan, mutane ne zaune a teburi, mai jan wasa ya ɗaga littafi ya nuna musu shafi yace ga abin da kuka tarar, su kuma nan take za su fara gardamar abin yi. In hoton bai basu abin yi ba bai yi aikinsa ba komai kyansa. Dubi bangon Players Handbook, littafin 'yan wasa na wannan wasan, na 1978 wanda David Trampier ya zana, ƙaton gunki ne riƙe da kaskon wuta, mutum biyu sun hau suna ƙoƙarin ɓamɓare dutse mai daraja daga idonsa, a ƙasa wasu na duba taswira wani na goge takobi, ga gawarwakin wasu halittu masu kama da ƙadangaru. Faɗan ma an gama shi kafin mu iso, amma kana gani zaka fara tambaya, in aka cire idon nan me zai biyo baya? Ko jan akwatin wasan na 1983 wanda Elmore ya zana bangonsa, inda mayaƙin ya juya mana baya yana fuskantar jan diragon, ba a nuna fuskarsa ba, shi yasa duk wanda ya ɗauki akwatin sai yaji kamar shi ne. Gyaran mai sauƙi ne, kafin ka taɓa fensir ka rubuta layi biyu a takarda, me ya faru minti ɗaya da ya wuce, me zai faru minti ɗaya mai zuwa. In ka kasa rubutawa to kar ka fara zanen tukuna.

Daga nan sai tsallake ƙananan zanukan gwaji. Na san mutane na ganin ɓata lokaci ne, hoton ya riga ya zauna musu a ka, suna ɗokin kamawa kafin ya gudu. Amma tunanin farko kusan kullum shi ne wanda kowa ma zai yi. Ka yi gwaji goma sha biyar ko ashirin, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, kuma da abu uku kacal, baƙi da fari da ruwan toka, babu ido babu yatsu babu ado. A wannan girman ba za ka iya ɓoye komai ba, ko tsarin ya tsaya ko bai tsaya ba. Abin da kake nema shi ne mai haske ya zauna a kan duhu ko mai duhu ya zauna a kan haske, ta yadda ko an cike jarumin da baƙi gaba ɗaya za a gane mai gatari ne ko matsafi daga siffarsa kawai. Mai zane Frank Frazetta ya ƙware a wannan, zanensa Death Dealer na 1973 mahayin nan fuskarsa duk a duhu take cikin kwalkwali sai jajayen idanu, bayan hoton kuma kusan babu komai sai hayaƙi da tsuntsaye, amma ko daga nesa ka hango shi ba za ka manta ba. In ka riga ka yi nisa da fenti kuma kana jin wani abu bai yi ba, ɗauki hoton da waya ka mayar da shi baƙi da fari, sau da yawa zaka tarar jar rigar da koren dajin duhunsu ɗaya ne, launi ne kawai ya raba su, shi yasa suka manne.

Haske kuma nan ne ake yawan faɗuwa. Sai kaga an zana mutane cikin kogo, mai riƙe da wuta ɗaya ne tal, amma kowace kusurwa fes take kamar tsakar rana, ko kuma fuska ta samu haske daga hagu, garkuwa daga dama, inuwar ƙasa ta bi nata hanyar. Ka zaɓi babban haske guda ɗaya ka sa masa alama a gefen allon, komai ya bi shi. Kuma wutar hannu tana mutuwa da sauri, in nisa ya ninka biyu hasken da ke isa kashi ɗaya ne cikin huɗu, saboda haka wanda ke kusa da wutar ya haska, na bayansa ya dusashe, na ukun ya zama sai gefen fuska da ƙyallin mashi. Wannan duhun ba asara bane fa, shi ne ke sa ɗan wasa yaji akwai abin da bai gani ba tukuna. Sai dai kar ka yi inuwa da baƙi zalla, yana kashe hoto, in hasken mai ɗumi ne irin na wuta ka karkatar da inuwar wajen shuɗi ko shunayya kaɗan. Hasken da ke dawowa daga ƙasa ko bango ya faɗa cikin inuwa shi ma a sa shi, amma kar ya kai hasken ɓangaren da wuta ta buga kai tsaye, da zarar ya kai sai jikin ya baje ya rasa kauri.

Ƙarfe na da nasa halin. Yawanci ana shafa masa ruwan toka a murza har ya yi laushi, sai sulken ya fito kamar roba. Gogaggen ƙarfe madubi ne, samansa na ɗaukar launin sama, ƙasansa na ɗaukar launin ƙasa, tsakaninsu kuma layi ne mai kaifi mai duhu. Ɗauki cokali ka riƙe kusa da taga ka kalla na minti biyar, zai koya maka fiye da dogon bayani. Farin ɗigon ƙyalli kuwa a ƙarshe ake sa shi, kuma wuri biyu ko uku ya isa, in ka watsa shi ko'ina babu wanda zai yi ƙyalli.

Maganar kala, matsalar yawa ce ba ƙaranci ba. Masu aiki a kwamfuta sun fi shiga wannan, tunda duk kalar duniya na gabansu, sai a sa wa takobi shuɗin haske, idon dodo kore shar, sihirin matsafi ruwan hoda, kowanne na ihu babu mai sauraron wani. Ɗumin nan da kake ji a tsofaffin zanuka daga ƙasa yake tasowa, da yawa daga masu fentin mai sukan fara shafe allon da launin ƙasa mai duhu siriri su fitar da haske da inuwa da shi kaɗai, sannan su ɗora kala a kai, kuma suna barin na ƙasan yana leƙowa a cikin inuwa. Gwada aiki da kala huɗu kawai irin wanda ake dangantawa da Anders Zorn ɗan ƙasar Suwidin, fari da baƙi da ja da rawaya mai launin ƙasa, zaka sha mamakin yadda baƙi gauraye da fari ke komawa kamar shuɗi in yana kusa da ja. Kala mai ƙarfi ka ajiye ta don wuri ɗaya, inda kake son ido ya fara sauka. In a kwamfuta kake, rage burushin feshi mai laushin nan, ɗauki burushi biyu ko uku masu barin sawu, kuma ka daina goge kowane kuskure, ka ɗora fenti a kansa kamar yadda mai allo zai yi.

Sai zane daga ka, ko mafi muni, kwaikwayon zanen wani wanda shi ma kwaikwaya ya yi. Haka ake samun hannaye masu tsokar da babu ita a jikin ɗan Adam da dokin da ƙafafunsa ke lanƙwasa ta inda ba gaɓa. Ba abin kunya bane amfani da samfuri, Boris Vallejo da hotunan mutane na gaske yake aiki, James Gurney kuma har ƙananan siffofi yake ginawa ya haska su da fitila kafin ya zana. Ka sa abokinka ya riƙe sanda a ɗaki mai duhu da fitila ɗaya ka ɗauka, amma ka ja baya sosai, don waya in tana kusa tana kumbura abin da ke gabanta. Kuma kar ka bi hoton layi da layi, mutumin da ya tsaya don a ɗauke shi ba kamar mai kai sara bane, sai ka ƙara masa karkata da nauyi, ka duba wace ƙafa ce ke ɗauke da shi. Diragon ma haka, murɗa shi da yumɓu ko da bai yi kyau ba, ka ga inda inuwar fiffike ke faɗawa a baya. Fiffiken jemage hannu ne mai dogayen yatsu da fata a tsakani, in ka gane wannan ba za ka ƙara liƙa wa dodo lema a kafaɗa ba. Ƙwayar fata ka duba kada da ƙadangare, manya a baya, ƙanana a inda jiki ke lanƙwasa.

Kayan yaƙi su ma a yi musu adalci. Takobin hannu ɗaya na gaske nauyinsa wajen kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, ba faifan ƙarfe mai faɗin ƙofa ba, sulken faifan ƙarfe cikakke kuma wajen kilo 20 zuwa 25, an yi shi da gaɓoɓi don mai shi ya iya ɗaga hannu ya durƙusa. Ka tambayi kanka ta ina ake ɗaure wannan, ina maɗaurin yake. Kuma ka basu kayan tafiya, igiya, jaka, abin kunna wuta, doguwar sandar nan mai tsawon ƙafa goma da tsofaffin 'yan wasa ke bubbuga ƙasa da ita don gano tarko, takalmi ya yi ƙura, gefen garkuwa ya lotsa. Abu ɗaya da ba na son a kwaso daga tsohon salon shi ne mayaƙa mata da sulken da bai rufe komai ba alhali namijin da ke gefenta ƙarfe ne har wuya, wannan rauni ne na wancan lokacin, ba shi ya sa zanukan suka yi kyau ba.

Wasu ƙanana da sauri. Kar kowane gefe ya zama mai kaifi, ka bar wasu su narke cikin duhu. Abin da ke nesa ya yi haske ya rage kala. Kar tsinin mashi ya tsaya daidai kan layin dutse ko gefen hoto, ko ya ratsa ko ya kauce. In kana son dodo ya yi girma ka sauke idon mai kallo ƙasa, ka bar wani sashensa ya fita daga hoton.

Ga masu fentin hannu, a shafa wa katakon jeso, wato farin shafin da ke sa fenti ya kama, kafin a fara, shafin farko na fentin mai ya zama siriri, mai yawan mai ya zo a sama, in aka juya tsarin zai tsattsage daga baya. Fentin mai na hawa kan akirilik amma akirilik baya zama kan mai. Akirilik kuma yana ƙara duhu in ya bushe, sai ka dama shi da ɗan haske fiye da yadda kake so.

Na ƙarshen shi ne mantawa da cewa littafi za a buga. Na sha ganin zane mai kyau da kan diragon ya faɗo daidai inda sunan wasan zai zauna, dole aka rufe shi. Ka tambayi girman shafi tun farko, ka bar sama da ɗan sarari marar hayaniya, ka ƙara wajen milimita 3 a kowane gefe saboda yankan injin, kuma in bango ne mai zagayowa baya kar fuska ta faɗo a kan ƙashin bayan littafin. Hoto mai kala a ɗauke shi da 300 dpi (ɗigo a kowane inci), na tawada zalla kuma 600 ko sama. Shuɗi da kore masu ƙyalli na sikirin suna dusashewa a tawadar bugu, gara ka duba tun da wuri. Zanukan ciki na baƙi da fari, waɗanda su ne ma suka fi yawa a tsofaffin littattafan, ana zana su da girma sannan a rage, toh in layukan inuwarka sun yi cunkoso da yawa za su haɗe su zama tabo, ka basu tazara ka bar fari ya huta. Kafin ka miƙa aikin, buga shi a firinta ta gida daidai girman da zai fito, ka ajiye a ƙarshen teburi ka koma ɗaya ƙarshen ka zauna, don daga nan ne 'yan wasa za su gan shi.