Kafin ki sayi tukunyar furesha, ki ce a ba ki murfin tukuna

Yanzu da kuɗin gas ya kai inda ya kai, duk mai dafa wake ko ganda ko ƙafar saniya a tukunyar yau da kullum ta san yadda silinda ke ƙarewa ba sallama. Da yawa suna son tukunyar furesha, wato mai kulle tururi a ciki, amma tsoro ya hana su, wai tana fashewa. To mai kyau ba ta fashewa haka siddan, yawanci tun daga wajen saye ake kwaso matsalar.

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya in ya kai digiri 100 ya tsaya kenan, ko ki ƙure wuta sai dai ya ƙone. Amma in aka tare tururin ya rasa hanyar fita zafin yana haurawa wajen digiri 120, shi ya sa ƙafar saniyar da ke cin awa uku za ki ga cikin minti 45 ta yi luguf. Kuma duk wannan aikin murfi ne ke yinsa.

Saboda haka in kin shiga kasuwa, Sabon Gari ce ko wata, mai shago zai yi ta juya miki tukunya yana nuna miki sheƙinta yana Hajiya wannan 'yar waje ce, ki bar shi ya gama ki ce ɗan uwa miƙo min murfin. Ki ciro robar nan da ta zagaye bakinsa ki lanƙwasa ta, ya zama tana da laushi da kauri, ba tsagewa ba bushewa. Ki cire ɗan ƙarfen nan mai nauyi da ke yin fito, ki ɗaga murfin saitin haske ki leƙa ta bututun, sai kin hango haske tas. Sannan ki nemi mafita ta biyu, wani ɗan bawul ne a gefe wanda in bututun ya toshe shi zai saki tururin. In babu shi dan Allah ki ajiye, ko nawa ya rage miki. Ki rufe ki buɗe da hannunki a gabansa, ya zauna daram ba sai kin yi dambe da shi ba, ki girgiza mariƙin ki ji ko yana lilo, mariƙi mai lilo da tafasasshen romo ba abin wasa ba ne.

Tambayar da mutane ke mantawa, kuma a ganina ta fi kowacce: in robar ta mutu a ina zan samu wata? Dole fa ta mutu, shekara ɗaya ko biyu ta saki, tururi ya dinga fita ta gefe, wakenki ya ƙi nuna gas na tafiya. Gidaje nawa ne tukunyar ke ajiye a sito an mayar da ita ma'ajin gero don kawai an rasa roba. Sanannun kamfanoni irin Prestige da Hawkins na Indiya ko Tefal na Faransa suna yin robar da bawul daban a saya, marar suna kuwa sai addu'a. Su ma akwai jabunsu, ki duba ko an buga sunan a jikin ƙarfen. In da hali ki haɗa da roba ɗaya tun ranar. Wasu na Hawkins murfinsu ciki yake shiga, da farko yana ba da wuya amma muddin akwai tururi ba ya buɗuwa ko kin so.

Batun girma kar lita ta ruɗe ki, ba a cika ta. Kashi biyu cikin uku ne iyaka, wake ma rabi saboda kumfa da kumbura, wato mai lita 6 waken lita 3 za ta ɗauka har da ruwansa. Gida mai mutum huɗu ko biyar lita 6 zuwa 7 ta isa, gidan yawa ko mai son dafa kan sa da Sallah sai lita 10 zuwa sama.

Ta alminiyam ta fi araha ga saurin zafi ga rashin nauyi, amma ba ta shiri da kanwa, baƙi take yi, tsamin tumatir ma yana cin ta a hankali. Ta sitil ta fi tsada ta fi daɗewa, sai dai ki ƙwanƙwasa gindinta ki ji kauri, in siriri ne abinci zai dinga kamu. Kanwar ma da wannan tukunyar ba ki da buƙatarta. Ta lantarki irin Instant Pot kuwa daɗi gare ta, ki danna ki tafi harkarki, amma tana jan wajen wat 1000, in unguwarku NEPA sai an ga dama ki haƙura da ita. Ta gwanjo ban hana ba, amma in bakin ya lotsa ko kaɗan ne ba za ta riƙe tururi ba.

Da kin kawo ta gida kar ki fara da nama. Ki zuba ruwa kofi biyu ko uku ki ɗora, in ta yi fito tururi na fita ta sama kaɗai to lafiya, in yana tsiyaya ta gefe ki mayar wa mai shago tun rasit bai ɓata ba. Da ta fara fito ake rage wuta, daga nan ake fara lissafin minti. In wake ne ki ɗiga cokali ɗaya na mai ya kwantar da kumfar. In kin sauke ki bar ta ta huce da kanta ko ki sakar mata ruwan famfo a gefen murfi, kuma in kika ji murfin ya ƙi juyawa kar ki sa ƙarfi, akwai sauran tururi a ciki.