Yadda na sa kwamfutar ciki ta riƙa aika wa uwar sabar umarni

Sabar ofishinmu a Gombe tana gudanar da KVM, manhajar Linux da ke ba kwamfuta ɗaya damar ɗaukar wasu kwamfutoci na manhaja a cikinta. Irin waɗannan kwamfutocin ciki guda uku ne a kanta. Ɗaya daga cikinsu ce ke lura da batirin inbata. So nake idan an ɗauke wuta batir ya yi ƙasa, ta gaya wa uwar sabar ta rufe komai cikin tsari kafin ya mutu.

Da SSH na fara, wato hanyar shiga wata kwamfuta ta sadarwa a ba ta umarni, abin ya ƙi. Ashe katin sadarwarta macvtap ne, wanda ke barinta ta ga kowace na'ura a ofis amma ban da uwar da ke ɗauke da ita.

Sai na koma vsock, hanyar da ba ruwanta da adireshin IP, KVM na iya amfani da ita tun siga ta 4.8 ta Linux a 2016. A kan uwar na loda direban vhost_vsock da umarnin modprobe, na buɗe saitin kwamfutar cikin da virsh edit na ƙara na'urar vsock, na kashe ta na sake kunnawa. A vsock, lambar CID ce adireshin kowace kwamfuta: ta uwa kullum 2 ce, na ciki daga 3 suke farawa. Da socat, manhajar da ke karɓa da miƙa saƙo, na sa uwar tana saurare.

Inda na fi daɗewa shi ne abin da za a yarda ta cikin ta faɗa. Ban ba ta damar rubuta duk umarnin da ta ga dama ba, don in ɓarawo ya shige ta, ya samu sabar ke nan gaba ɗaya. Kalma biyu kawai uwar ke karɓa: “rufe” da “rahoto”. Tana kuma duba CID ɗin mai aikowa, in ba na mai gadin batir ba ne ta yi watsi da shi.