Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Amfani da Kalmar Sarkawa

Sarkawa su ne gwanayen ruwa da suka gaji kamun kifi da tuƙin kwale-kwale daga iyaye da kakanni, musamman a ƙasar Kabi da Yawuri da gaɓar kogin Kwara har zuwa Gaya a Jamhuriyar Nijar. Namiji ɗaya shi ne Basarke, sana'ar kuma sarkanci. Kuskuren da ya fi yawa a rubutu shi ne sanya Basarake a gurbin Basarke, alhali wasali ɗaya tak da ya raba su ya isa ya mayar da mai filafili a hannu ya zama mai rawani a fada. Wasu kuma sukan lanƙwasa harafin su rubuta Sarƙawa, wataƙila don kunnensu ya saba da sarƙa, amma da k marar lanƙwasa ake rubuta shi.

Kuskuren da ya fi wannan nauyi, a ganina, shi ne kiran duk wanda ya kama kifi Basarke. Dubban mutanen da ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora a bikin Argungu, wanda aka fara a siffarsa ta yanzu a 1934, masunta ne a ranar, sai dai da yawansu manoma ne da za su koma gona idan an watse. Basarke kuwa ruwa ne gidansa. Ya san inda dorina take kwana, ya san zurfin gulbi daga yadda ruwa ke juyawa, shi ake nema idan jirgi ya kife, kuma gare shi ake kai wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a maƙogwaro. Saboda haka idan kamun kifi kawai ake nufi, masunci ya wadatar. Idan kuma injin jirgin fito mutum yake tuƙawa don neman abinci, a ce matuƙin jirgi.

Akwai kuma masu danganta sunan da sarki, suna cewa ma'anarsa sarakunan ruwa. Masana tarihi sun fi alaƙanta shi da Sorko, masu jiragen daular Songhai waɗanda Sonni Ali ya dogara da su a yaƙe-yaƙensa tsakanin 1464 da 1492. Sarkin Ruwa sarauta ce ta mutum ɗaya da ake naɗawa, kuma Sarkawan da ke ƙarƙashinsa ba sa ɗaukar wannan suna.